Na Ga Tururi

Ɗana na fari kwana shida ya yi a duniya. 'Ya'yan da na haifa bayansa abin da suka sani kawai shi ne akwai wani yayansu da ya koma kafin suna. Ban taɓa zaunar da ɗayansu na ba shi labarin yadda abin ya kasance ba. Yanzu da ido ya fara gajiya na ga gara in rubuta, don labarin ba na yaron ba ne shi kaɗai. Akwai wata tsohuwa a ciki wadda na zalunta.

An kai ni aure 'Yargoje shekara biyar ko shida kafin mulkin kai. Mijina manomi ne, da rani kuma yana saƙa. Daminar da nake ɗauke da cikin fari, maruru ya shiga gidanmu ya yi ta zagaya mutane. Maigida ya yi nasa a ƙeya, sai da ya kwana goma in zai waiwaya sai ya juya jikinsa duka. Ƙanensa ya yi a mazaunai, ya riƙa cin tuwo a tsaye muna ta yi masa dariya. Ba wanda ya ɗauki maruru ciwo. A shafa man shanu da kanwa ya nuna, a matse, mugunya ta fita, shi ke nan. Ni hazbiya na fara yi a ido, da ta warke sai maruru ya fito mini a hammata. Wannan ya fashe ke nan aka ce in shirya za a mai da ni gidanmu a Ruwan Godiya, goyon ciki, kamar yadda ake wa duk mai haihuwar fari.

Da hantsi muka taso, ina kan jaki, la'asar ta yi mana a gida. Tun a hanya nake jin wani abu na taruwa a ƙarƙashin nonona na hagu, yana zogi duk sanda jakin ya yi tuntuɓe. Na san wani marurun ne. Ban gaya wa kowa ba. Wurin da ya fito ba wurin da zan iya buɗe wa mahaifiyata ba ne.

A gidanmu akwai Baba da Inna, sai Gwaggo, yayar Baba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyarta guda tana aure a Sabuwa, ita kuma tana zaune a ɗakin ƙarshe kusa da rumbu. Ita ce ungozomar unguwarmu. Ita ta yanke mini cibiya, ita ta yanke ta ƙannena, kuma da wuya ka shiga gida a wannan shiyya ba ka tarar da wanda ya bi ta hannunta ba. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ba ta cin goro. Tafin hannunta ya yi kanta saboda shekarun da ta yi tana aiki da wuta da ruwan zafi, har garwashi take ɗauka da yatsu ta kai wani murhun. Saboda haka ba ta taɓa gwada ruwan wankan jinjiri da tafi. Gwiwar hannu take tsomawa. Tun ina yarinya nake ganin tana yin haka.

Ranar Alhamis na haihu, rana ta ɗan ɗaga. Namiji. Gwaggo ta yanke cibiya da askarta, ta wanke shi, ta naɗe shi, ta miƙo mini. Na kau da kai. Haka ake yi a lokacin, ɗan fari ba a kallonsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa, ba a kama sunansa. Matan da suka cika ɗakin suka yi ta yaba kunyata. Sai in an fita an bar ni da shi nake ɗan yaye zanen in duba. Yana da gashi mai yawa, da wani ɗan lotsawa a haɓa irin na ubansa. Iyakar abin da na riƙe na fuskarsa ke nan, kuma ko shi ban tabbata ba ko daga baya na ƙera wa kaina.

Rana ta uku aka ce in fara ba shi nono. A wannan rana marurun ya fashe. Na goge mugunyar da bakin zanena, na yi shiru. A kan wannan zanen nake kwantar da shi in zan ba shi, kuma kumatunsa a daidai wurin yake kwanciya.

Kullum safe da yamma tukunya biyu ake yi. Babbar tawa ce, ta wankan jego, wadda ake barin ta ta tafasa a riƙa fyaɗa mini ruwan da ganyen tsamiya. Na yaro kuma Gwaggo kan ɗiba a ƙwarya ta surka da ruwan randa. Safiyar rana ta huɗu an tashi da yayyafi, gari ya yi sanyi, komai na bayan ɗaki yana fitar da tururi, tukunya da ƙwarya da jikina, har da bakin Gwaggo in ta yi magana. Ina zaune a kan turmin da aka kifa ina jiran a gama da shi a zo kaina. Na ga ta surka ruwan. Na ga ta tsoma gwiwar hannu. Tana riƙe da shi hannu biyu sai sabulun salo ya suɓuce ya faɗa cikin ƙwaryar.

Ta ce, "Ciro mini, ɗiyata."

Na sa hannu har wuyan hannu na lalubo shi. Ruwan ɗumi ne kawai. Har na ce a raina ya fara hucewa.

A wannan wankan ya yi kukan da bai taɓa yi ba. Duk inda ta taɓa sai ya ƙanƙame ya tsala ihu. Gwaggo ta juya shi, ta duba cibiya, ta duba bayan kunne, ta ce ko ciki ne ke murɗa masa. Kafin la'asar jikinsa ya yi zafi. Gefen bakinsa ya yi ja, da matsematsin wuya, da hammata. Ya ƙi kama nono.

A yammacin nan uwar mijina ta iso daga 'Yargoje da kayan barka, gero da kanwa da kayan yaji, don saura kwana uku suna. Mace ce mai kaifin baki amma ba muguwa ba. Jikanta ne na fari ta wajen ɗa namiji, tun daga zaure take guɗa.

Da safe, rana ta biyar, Gwaggo ta shigo ɗaukarsa wanka. Inna na nan, uwar mijina na nan, da wasu mata biyu na maƙwabta. Da aka yaye zane sai muka ga bororo a ƙirjinsa da cinyoyinsa, manya, sun ɗuri ruwa. Gwaggo ta sa hannu a hankali ta tallabo shi. Fatar bayansa ta biyo babban yatsanta, ta tattare wuri guda kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce. Ƙarƙashinta ja wur, yana ƙyalli.

Sai ya tsala kuka.

Uwar mijina ta matso ta duƙa ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗago ta ce, "Wanga yaro ƙona shi aka yi."

Inna ta ce, "Haba, wa zai ƙona shi?"

"Ni na san ƙunar ruwan zafi. Na gan ta a jikin ɗana da tukunya ta kife mashi. Haka take tashi, haka take salɓewa. Wa ya yi mashi wanka jiya?"

Kowa a ɗakin ya san Gwaggo ce.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ce, a hankali, kamar mai neman sulhu, "Ai hannun Gwaggo ya daina jin zafi, kowa ya shaida. Ga ido ma ya fara raguwa. Tsautsayi ne."

Uwar mijina ta juyo kaina. "Ke kina wurin. Ruwan ya yi zafi ko bai yi ba?"

Duk idon ɗakin ya dawo kaina. Ina jin zanen ya manne a kan ciwon da ke ƙarƙashin nonona. Abin da ya zo mini a rai shi ne, in ba ruwa ba ne to za a nemi wani dalili, za a ce a duba nono, za a buɗe ni a gaban uwar miji, a ce ina da mugun nono, maganar ta riga ni isa 'Yargoje. Na ga an yi wa wata haka. Na sunkuyar da kai na ce, "Na ga tururi."

Kalma uku. Ba ƙarya a cikinsu, na ga tururin. Na shekara da shekaru ina fakewa da wannan.

Gwaggo ta dube ni. Na san sabulun take tunawa. Ta buɗe baki, ta sake dubana, ta rufe. Ta kwantar da yaron a hankali a kan shimfiɗa, ta zare hannuwanta daga ƙarƙashinsa, ta fita.

Maganin ƙuna aka yi masa. Aka shafa zuma, aka samo gashin zomo wajen wani maharbi aka barbaɗa a wuraren da suka buɗe. Liman ya aiko da rubutu aka ɗiga masa. Baba ya ce zai ɗauke shi zuwa ɗakin magani, amma gulbi ya kawo tun ruwan shekaranjiya, kuma tsofaffi suka ce ba a taɓa fita da jinjiri kafin suna ba, balle mai wannan hali, iskar hanya kaɗai ta ishe shi. Malamin asibitin da kan zo da keke ranar kasuwa sai bayan kwana huɗu.

Ba a iya ɗaukarsa. Duk inda hannu ya kama, fata ta tafi. Aka shimfiɗa masa tsohon mayafin Inna mai laushi aka bar shi a kai tsirara, ana kore masa ƙuda da mafici. Ina tatsar nono a ludayi ina ɗiga masa a gefen baki. A nan kunyar ɗan fari ta bar ni, na riƙa kallonsa a gaban kowa, amma a lokacin fuskar ta riga ta kumbura, leɓɓan sun tsattsage, ba ita ce wadda nake leƙawa ba. Kukan ya riƙa raguwa, ya koma kamar na ɗan mage. Rana ta shida, bayan azahar, ya daina.

Baba ya yago ƙyalle daga farin rawaninsa, shi ya ishe shi likkafani. A kan hannuwa ya fita da shi. Ragon suna na ɗaure a ƙofar gida yana ta kuka, washegari mutanen 'Yargoje suka kwance shi suka koma da abinsu.

An yi masa huɗuba tun rana ta biyu. Kakansa na wajen uba ya aiko da sunan, Baba ya raɗa masa a kunne, ana jiran ranar suna a faɗa wa jama'a. Ba a faɗa ba. Ni kuma ba zan iya tambayar Baba ko surukina sunan ɗana na fari ba, wannan ba abin da bakina zai iya furtawa ba ne. Mijina na tambaya sau ɗaya, bayan shekaru, ya ce shi ma bai tambaya ba. Su biyun da suka sani duk sun rasu.

Ko da ɗa ya koma, sai mai jego ta cika wankanta. Na zauna na ƙarasa arba'in. Kullum da safe in na fito sai in tarar an hura wuta, babbar tukunya ta tafasa, icce a jere a gefe. Gwaggo ce ke yi. Amma ba ta tsayawa. Inna ce ke yi mini wankan. In muka haɗu a tsakar gida sai ta ce, "Kin tashi lafiya, ɗiyata? Ya jikin?" Kamar ba abin da ya faru. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Magana ta fita. Aka yi ta a bakin rijiya, aka yi ta a kasuwa. Ba wanda ya ce da gangan ta yi, cewa ake tsufa ya kama ta. Cikin satin nan wata maƙwabciyarmu ta fara naƙuda, gidan da katanga ce kawai ta raba mu, aka tsallake Gwaggo aka tafi wata unguwa kiran ungozoma. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, tana jin duk abin da ake yi ta kan katanga. Da aka yi guɗa ta ce, "Alhamdulillahi," ta ci gaba da kaɗinta. Bayan kwana biyu na ga ta ba Baba askarta ya yanke farce da ita. Daga nan ba ta karɓa ba.

Wannan maƙwabciya ƙawata ce tun muna yara. Bayan sunan ɗiyarta ta shigo gaishe ni. Ta ga yadda nake kallon goyon, sai tausayi ya kama ta, ta kwance ta ɗora mini ita a cinya. Ta ce, "Riƙe ta ki ji ɗumi. Allah zai ba ki wani." Na riƙe ta na daɗe, na sumbace ta a goshi, na goga hancina a wuyanta. A lokacin wani sabon ƙurji ya fito mini a cikin hanci.

Bayan kwana uku yarinyar ta yi bororo a wuya da hammata. Ƙanana ne, ba su bazu ba. Suka fashe, fatar wurin ta ɗaye, ta yi sati tana jinya ta tashi. Aka ce ƙurajen zafi ne. Gwaggo ko ganin yarinyar ba ta taɓa yi ba, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Ni na leƙa na ga wuyan. Irin jan nan ne, irin ƙyallin nan. Na dawo gida na shiga ɗaki na zauna, ban san sunan abin da nake tsoro ba. Na ce ko ni ce mai mugun hannu. Na ce ko wani abu ne ya biyo ni daga hanya. Har na koma 'Yargoje ban sake taɓa ɗan kowa ba.

Da kaka ta yi, Gwaggo ta ce za ta je Sabuwa ganin ɗiyarta. Ba ta dawo ba.

Marurai suka bar gidanmu da kansu, kamar yadda suka zo. Na sake haihuwa bayan shekara biyu, mace, lafiya lau. Na haifi bakwai bayan na farin, biyar suka rayu. Duk wanda na haifa, kwana shidan farko ba na iya cin abinci sosai, ina ta duba gefen baki da wuya. In na ga ɗan ja sai in kwana ina dubawa.

Sau ɗaya na ƙara ganin Gwaggo, da ta zo ta'aziyyar Baba. Ta rame, ta ranƙwafa. Ina goye da ɗana na uku, wata huɗu. Na same ta ita kaɗai a tsohon ɗakinta na durƙusa na gaishe ta. Na kwance goyon na miƙa mata, na ce, "Gwaggo, ga jikanki, ki sa mashi albarka."

Ta mai da hannuwanta baya ta haɗe su. Ta ce, "A'a, ɗiyata. Riƙe abinki. Allah ya raya shi."

Maganar tana bakina. Ina jin ta a kan harshe. Sai wasu mata suka yi sallama suka shigo, na miƙe na ba su wuri. Na ce gobe. Da gobe ta yi, an riga an sa ta a motar kasuwa tun da sassafe. Bayan shekara huɗu aka aiko cewa ta rasu.

Yadda rayuwa take, ni ce na zo na zama ungozoma a unguwarmu ta 'Yargoje. Ba nema na yi ba. Wata rana naƙuda ta kama wata ba kowa kusa, na tsaya mata, daga nan aka riƙa kirana. Abin da na gani a hannun Gwaggo shi nake yi. Na kuma shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karatu da rubutu. Saboda wannan ne, da hukuma ta tattara ungozomomin ƙauye don a ba su horo a Funtuwa, aka sa sunana. A lokacin har na aurar da ɗiya.

Wadda ke koyar da mu wata nas ce, yarinya, ba ta kai ɗiyata ta biyu ba. Ta koya mana wanke hannu da sabulu har gwiwa, da dafa reza, da barin cibiya ta bushe ba a sa mata komai ba. Rana ta huɗu ta zo da wani babban littafi mai hotuna tana buɗe mana, tana nuna ciwukan da in mun gani kada mu tsaya, mu tura asibiti. Ta buɗe wani shafi ta ɗaga.

Jinjiri ne kwance a kan farin ƙyalle. Ɗan Turawa ne, amma ja ɗin iri ɗaya ne, da yadda fatar ta tattare a gefe.

Na ji bakina ya ce, "Wannan ruwan zafi ne."

Ta ce, "Haka kowa ke cewa, Inna. Har sunan ciwon a Turance cewa yake fata mai kama da ƙunar ruwan zafi. Amma ba ruwa ba ne. Ƙwayar cuta ce."

Ta rubuta sunan a allo, sitafilokokas, muka yi ta tuntuɓe da shi ana dariya. Ban yi dariya ba. Ta ce ido ba ya ganinta, sai da madubin likita, a can ake ganinta cure-cure kamar 'ya'yan faru. Ta ce tana zaune a hancin mutane da yawa da fatarsu ba tare da ta yi musu komai ba. Ita ce ke kawo maruru da hazbiya da ɗan karkare da ƙurjin nono. Amma akwai wani irinta mai fitar da dafi. In ta sami wurin zama a jikin jinjiri, a cibiya ko ido ko hanci, sai dafin ya bi jini ya je ya kwance abin da ke riƙe saman fata da ƙasanta. Babba jikinsa na iya kashe dafin. Jinjiri ba ya iyawa.

Na ce, "Daga ina take zuwa mashi?"

"Daga duk mai taɓa shi. Uwa, ko ungozoma, ko mai zuwa barka. In mutum na da ƙurji mai mugunya, kada ya kusanci jinjiri sai ya warke."

"In uwar ce ke da maruru fa? A nan?" Na nuna wurin.

Ta dube ni, ta sauke littafin. Yarinya ce mai hankali. Ta ce, "Yana yiwuwa. Amma ba wanda zai iya rantsewa. Tana iya kasancewa a hancin kowa a ɗakin."

Na ce, "In an kai shi asibiti fa?"

Ta ce, "In an kai da wuri, aka yi allura, aka ba shi ruwa, aka rufe shi daga sanyi, yawancinsu suna tashi. Fatar ma tana komawa, ba ta barin tabo."

Na nemi izini na fita. Na zauna a gindin wata bishiya a harabar wurin har aka tashi. Ban yi kuka ba. Hannuna na dama nake ta kallo.

Da aka sallame mu ban koma gida ba, na hau motar Sabuwa. Ɗiyar Gwaggo tana nan da rai. Taubashiyata ce, da can in mun haɗu ba ma rabuwa sai an yi tsiya an yi dariya, amma tun abin nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na same ta tana sussukar dawa a tsakar gida, ta tsufa, ta koma kamannin uwarta har sai da na tsorata. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na ce ba zan sha ba sai na faɗi abin da ya kawo ni.

Na faɗa mata duka, da sabulun, da marurun, da ɗiyar maƙwabciya, da hoton littafin. Ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Kin sa hannu a ruwan?"

Na ce, "Na sa."

"Ba zafi?"

"Ba zafi, Yaya."

Ta ce, "To ita ba haka ta mutu da shi a ranta ba."

Ta ce farkon zuwan Gwaggo Sabuwa, in an taɓo maganar takan ce ita dai ta san ta surka, Allah ne masani. Daga baya ta koma cewa wataƙila ba ta surka sosai ba. Da shekaru suka ja sai ta fara tuna abin dalla-dalla. Ta ce ta tuna ta ɗebo daga babbar tukunya, aka yi mata magana ta waiwaya, ta manta da ruwan randa. Ta ce ta tuna yadda ya zabura da ta tsoma shi. Ba ta taɓa ambaton sabulu ba. Jikokinta tara aka haifa a wannan gidan, ba ta ɗauki ko ɗaya ba sai da ya fara tafiya.

"Shekarar da za ta je ta'aziyyar Babanki," in ji ta, "ta je wajen wani malami ta tambaye shi mi ke kan wanda ya kashe rai bisa kuskure. Ya ce azumin wata biyu a jere. Muka hana, ta ƙi. Da bazara ta yi shi, ana wannan zafi. Kin ga ramar da kika gani? Shi ne."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni mi zan yafe? Ba ni kika yi wa ba." Ta tashi ta ɗauki taɓarya, ta riƙe ba ta daka ba. Can ta ce, "Sha ruwan nan, kin sha hanya."

Na sha. Da la'asar ta raka ni bakin maƙabarta, muka tsaya daga wajen shinge. Ta nuna wajen wata bishiyar marke ta ce ta can ne, amma ciyawa ta rufe, ita ma ba za ta iya cewa ga shi ba. Na yi addu'ar da na iya. Muka dawo gida.

Da na koma 'Yargoje na sa maigida ya tambayar mini liman, ba tare da ya faɗi ko wace ce ba, ko akwai azumi a kan uwar da ciwon jikinta ya kama ɗanta ba ta sani ba. Liman ya ce babu, wannan ƙaddara ce. Na ce a sake tambayarsa, wadda ta yi shiru aka ɗora wa wani laifi fa, wanda aka ɗora wa kuma ya rasu? Ya ce ta yawaita istigfari, ta yi sadaka da sunan mamacin, ta kuma wanke shi a wurin waɗanda suka ji. Waɗanda suka ji a ɗakin nan ba ko ɗaya da ta rage. Na je Ruwan Godiya na gaya wa ƙawata maƙwabciya, ta ce ita har ta manta an yi haka.

Duk da abin da liman ya ce, na ɗauki azumin. Sau biyu na fara. Na farko na kai kwana ashirin da uku, zazzaɓi ya kwantar da ni, 'ya'yana suka taru suka sa na karya. Na biyu ko sati biyu ban cika ba. Na kuma zaɓi lokacin sanyi, kuma ban kai shekarun da Gwaggo take da su ba sanda ta yi nata. Ita ta cika kwana sittin.